Akwatin Kalandar Auta

Shekara goma sha ɗaya Mai Walda yana wuni bango ɗaya da ƙanwarsa, amma da za a titsiye shi a ce ya faɗi abin da take yi, sai dai ya sosa ƙeya ya ce, "Harkar kwamfuta ce." Iyakar saninsa ke nan, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Shi mutum ne da ya yarda da abin da ake ɗagawa a ji nauyinsa. Aikin da ba ya ƙona hannu, ba ya huda riga, a wurinsa hutu ne aka yi wa suna mai daɗi.

Shagon na mahaifinsu ne. Shekara arba'in Baba ya yi a ciki yana gyaran sikeli, tun daga ɗan mitsitsin na masu zinariya har ƙaton na auna buhu. Da ƙarfi ya fara ja da baya sai ya sa aka raba shagon da katako. Gaba, wajen titi, ya zama na babban ɗansa. 'Yar ƙuryar baya mai taga ɗaya ta zama ta Auta. A gaba tartsatsin wuta ne da ƙarar ƙarfe, da ƙofofi jingine a bango suna jiran mai saye. A baya kuwa tebur ne, da allo biyu, da fanka mai kukan tsufa, da durowa cike da tsofaffin wayoyi, wasu fuskarsu a tsage, wasu an ɗaure su da kyauro. A kan kanta duwatsun awon Baba na tagulla suna jere daga babba zuwa ƙarami, don Auta ta hana kowa ya ɗauke su.

Auta ba mai yawan magana ba ce. Tun tana ƙarama, idan aka ba ta abu sai ta juya bayansa ta ga yadda aka haɗa shi kafin ta tuna da godiya. Ta yi karatu, ta yi shekara biyu a wani ofis, ta bari saboda a cewarta ana sakin aiki ɗanye. Ta auri malamin makaranta, Allah ya ba su 'yan mata biyu. Kullum da safe idan ta sauke su, sai ta ratso tsakanin ƙofofin yayanta tana tattare gefen mayafi kada ƙarfe ya kama, ta ce, "Yaya, an tashi lafiya?" ta shige. Ba ya sake jin ɗuriyarta sai azahar.

Sau ɗaya ya taɓa tambayar ta da gaske, ran da wuta ta ɗauke suka zauna a bakin shago.

"Wai ke me kike sayarwa ne a ciki? Ban taɓa ganin an fito da kaya ba."

Ta nuna ƙofofinsa da haɓa. "Yaya, mai gina gida shi yake ƙera ƙofarsa?"

"Ina fa. Wurina yake zuwa."

"To haka mai haɗa manhaja yake. Ba zai zauna yana ƙera kowane maɓalli da kansa ba. Ni nake ƙera su in ajiye a shirye: maɓallin dannawa, akwatin rubuta suna, jerin zaɓi, ɗan kalandar da ake zaɓen rana. Ina sa su a intanet, mai so ya ɗauka ya dasa a nasa ginin."

"Ke ma mai walda ce ke nan," in ji shi, "sai dai taki ba ta da zafi." Ya yi dariya, wuta ta dawo, ya manta da zancen.

Abin da bai iya mantawa ba shi ne yadda take aiki, don a gabansa ake yi, kuma yana ba shi dariya. Maɓalli ɗaya tak sai ta yi mako uku a kansa. Ta fito ta ari safar hannunsa ta walda, ta sa, ta ga ko babban yatsa zai same shi. Ta tsaya tsakiyar rana ta ga ko rubutun zai karantu. Ta cire tabarau ta gwada. Ta miƙa wa mai shayin kusurwa ya danna da jiƙaƙƙen hannu, ta miƙa wa maƙwabciya mai goyo ta danna da hannu ɗaya. Sannan ta koma ta gwada a kan wayoyin durowar nan ɗaya bayan ɗaya, har wadda rabin fuskarta ya mutu. Mai Walda yakan gaya wa masu sayen ƙofa cewa ƙanwarsa ta gaji ciwon Baba, ciwon da mutum ba ya yarda da abu sai ya auna shi sau bakwai.

Ana nan sai idon Baba na dama ya fara.

Na hagu ya riga ya tafi shekara biyu da suka wuce, a hankali, ba ciwo, ba hawaye, har sai da suka lura yana juya kai gaba ɗaya kafin ya ga wanda ya shigo. Hawan jinin ido, in ji likita. Aka yi ta ɗiga magani a na daman, ya riƙe na ɗan lokaci, sannan ya daina riƙewa. Likitar ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce ganin yana raguwa ne daga gefe-gefe zuwa tsakiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Tiyata ba za ta mayar da komai ba, amma za ta tsare abin da ya rage. Duk ranar Talata take yi. Su je teburin rajista a sa sunansa yau.

Mai Walda ne ya riƙo hannunsa zuwa teburin. Mai rajistar budurwa ce mai fara'a, da ƙaramin allo a gabanta. Suna, adireshi, lambar waya, duk suka wuce sumul.

"Baba, ranar haihuwa?"

Baba ya faɗi shekarar ba tare da inda-inda ba. Wannan ya san ta, don a shekarar aka gina gadar garinsu, an kuma sassaƙa lambar a jikinta, mahaifiyarsa ta ce da cikinsa ta ga ana aikin.

"Wata da rana fa?"

"Ban sani ba, 'yata."

"Ba komai, Baba. Sai mu sa ɗaya ga watan ɗaya. Haka muke yi wa duk tsofaffi."

"Ranar aka haife ni?"

Ta yi murmushi. "Don fom ɗin ya wuce ne kawai. Idan ba a cika ba, ba ya yarda a ci gaba." Ta cika, ta juyo masa da allon. "Sai ka danna nan ƙasa da yatsanka."

"Me aka rubuta a wurin?"

Ta karanta masa: na tabbatar duk abin da ke cikin wannan fom gaskiya ne, kuma da sanina aka rubuta shi.

Baba ya janye hannunsa ya ɗora a kan gwiwa.

Duk wanda ya san mutumin ya san an gama magana. Mai Walda ya sani, amma ya gwada. Ya sunkuya ya rarrasa, ya ce ai kowa haka yake yi, ya ce ai ba kotu ba ce. Ya nemi fom na takarda, aka ce an daina tun bara, kuma jerin masu tiyata daga na'urar yake fita kai tsaye. Ya ce shi zai danna a madadinsa, Baba ya ce idan ya danna to shi za a yi wa aikin. Suka je wurin shugaban sashen rajista, mutum mai kirki, ya gwada barin wurin fanko da kansa, akwatin ya yi ja ya ƙi motsi. Ya buɗe hannuwa ya ce shi ma bawan na'urar ne. Suka koma gida Mai Walda yana huci, Baba yana tafiya a hankali yana laluben gefen hanya da ƙafa.

Washegari aka ɗauko Auta, tunda harkar kwamfuta ce. Mai rajista ta juyo mata da allon, Auta ta taɓa wurin ranar haihuwa. Wani ɗan kalanda ya buɗe, fari, kusurwoyinsa a lanƙwashe, lambobinsa manya-manya, ranar da aka taɓa tana ɗan kumbura kafin ta zauna.

Auta ta matso kusa da allon. Ta sake taɓawa. Ta ja watan gefe da yatsa, ta kalli yadda ya zame. Mai Walda ya ga fuskarta ta canza irin canjin da rabonsa da gani tun rasuwar mahaifiyarsu.

"Mene ne?" ya ce.

"Yaya," ta ce a hankali, "ni na ƙera wannan."

Bai gane ba da farko. Ya ɗauka tana nufin ta taɓa yin irinsa. Sai da suka fito harabar asibitin, suka zaunar da Baba a benci, ta yi masa bayani. Shekara takwas ke nan da ta yi shi. Wata biyu ta yi a kansa. Lambobin nan manya saboda masu raunin ido ta yi su. Kuma ita da hannunta ta rubuta cewa rana ba ta cika sai da shekara da wata da kwana, in babu ɗaya akwatin ya yi ja.

"Har a kan Baba na gwada shi," ta ce. "Baba, ka tuna? Na kawo maka waya a shago."

"Na tuna," in ji Baba. "Kin ce in zaɓi ranar yau. Na zaɓa."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Ta auna yatsan kowa, ta auna idon kowa, amma ko sau ɗaya bai faɗo mata ba cewa za a iya tambayar mutum rana ya ce bai sani ba, alhali mutumin yana zaune a gidansu.

Mai Walda ba mai tsayawa jimami ba ne. Suna isa shago ya bi ta ƙuryarta ya ja katakon. "To tunda naki ne, ki buɗe ki gyara, mu koma gobe."

Ta ce ba haka yake ba. Ita za ta gyara nata, amma na asibitin yana hannun kamfanin da ya haɗa musu manhaja. Sai sun ɗauki sabon, sun gyara ma'ajiyar bayanansu ta karɓi shekara ba rana, sannan asibiti ya yarda a sabunta.

Ya yi tunani, ya rage murya. "To ki yi masa wayo mana. Ki zana irin allon a wayarki, ki sa 'ban sani ba', ya danna a kai. Yarinyar can ta cika nata yadda suka saba. Wa zai sani? Ai ba ya gani sosai."

"Minti goma zan yi shi," in ji Auta.

"To?"

"Zai tambaye ni. Zai ce, Auta, wannan shi ne na gaskiyar? Kai za ka amsa masa?"

Mai Walda ya kawar da kai. Shekararsa arba'in da shida, kuma har yau bai taɓa iya kallon mutumin nan ya shara masa ƙarya ba.

"To ki yi sauri," ya ce.

Ba ta yi sauri ba. Talata ta zo ta wuce tana kan aikin. Ranar Laraba ya ɗaga kai daga walda ya gan ta tsaye a rana da safar hannunsa tana danna waya, sai ransa ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi mata ba. Ya jefar da abin rufe fuska ya ce uban da ya haife ta yana makancewa ita kuwa tana wasa da safar hannu. Mai shayi ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba.

Ba ta rama ba. Ta ce, "Zo ka gani."

Ta zaunar da shi a kujerarta, karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Ta nuna masa wata lamba a saman allo: dubu goma sha huɗu da ɗari biyu da wani abu.

"Mutanen da suka ga kalandar ke nan?"

"A'a. Manhajojin da aka dasa shi a ciki ke nan. Kowace da mutanenta."

Ta shiga buɗe masa su. Ga shi a fom ɗin wata makaranta. Ga shi a wurin sayen tikitin jirgin ƙasa. Ga shi da rubutun da ke tafiya daga dama, ga shi da wani rubutu mai lanƙwasa da bai taɓa gani ba, ga shi da wani mai kama da ƙananan tagogi. Launi ya bambanta, harshe ya bambanta, amma ko'ina idan ta taɓa rana sai ta ɗan kumbura ta zauna. Shi idan ya yi ƙofa ɗari a shekara sai ya yi ta ba da labari. Ashe a bayan katakon nan, a ɗakin da fanka ke kuka, ƙanwarsa ta ƙera ƙofa ɗaya da duniya take shiga ta cikinta dare da rana, ba wanda ya san fuskarta.

"Idan na saki karyayye," ta ce, "asibiti nawa ne zai tsaya gobe? Uban wa zai zauna a benci?" Sai a lokacin hawaye ya zubo mata. "Ni ma ina ƙirga kwanakin, Yaya. Na fi ka ƙirga su."

Ya tashi ya fita. Can ya dawo ya ajiye mata ɗaya safar hannun, ta hagu, wai ko za ta buƙata.

Kwana shida ta yi ta saki sabon. A ƙarƙashin kalandar yanzu akwai ɗan layi da ake dannawa idan ba a san rana ko wata ba, sai a karɓi shekara kaɗai, kuma wanda bai kunna shi ba nasa yana nan yadda yake. Ta aika wa kamfanin saƙo, ta haɗa da bayanin duk abin da za su taɓa a nasu ɓangaren. Kwana ɗaya shiru, biyu shiru, huɗu shiru. Talata ta biyu ta wuce.

A kwanakin nan ne Mai Walda ya je gida da hantsi ya tarar Baba yana zuba shayi a gefen kofi, yana jin ƙarar ruwan a kan tire yana gyara hannu. Ya durƙusa a gabansa, ƙaton mutum da shi, ya ce, "Baba, don Allah. Lamba biyu ce kawai."

Baba ya ajiye butar. "Shekara arba'in mutane suna kawo mini sikeli, wasu su ce in ɗan karkata shi kaɗan, kaɗan ɗin da ba mai gani. Ban taɓa cewa na tabbatar a kan abin da ban tabbatar ba. Yanzu da na kusa tafiya zan fara?" Ya lalubo kafaɗar ɗansa. "Kana tsammani ba na tsoro? Ina tsoro ƙwarai. Kullum idan na farka sai in duba ko taga tana nan."

Irin wannan taurin kai, mutum ya rasa ko ya yi fushi ko ya cire hula. Mai Walda ya yi duka biyun a zuciyarsa, ya share tiren, ya zuba masa shayin.

Da safe ya rufe shago ya ce wa Auta ta tashi su je kamfanin da ƙafarsu. A bene hawa na uku yake, ɗaki mai sanyi, tebura a jere, mutane kamar goma kowa ya kafa ido a allo. Mai Walda ya shiga da rigar aikinsa mai huji-hujin wuta, yana jin kansa kamar buhun gawayi a ɗakin amarya. Aka kira musu babban injiniya, wani mai furfura a gemu, riƙe da kofi, da alamar an katse masa abu.

"Malama, ƙorafi a rubuce ake turowa."

"Na turo," in ji Auta. "Na haɗa da gyaran. Kalandar da kuka sa a fom ɗin asibiti an fitar da sabonsa makon jiya."

"Na ga an fitar. Sai mun duba tukuna. Ba a ɗaukar abu haka kawai, sai an san abin da masu shi suka canza."

"Wuri uku na canza. Zan iya nuna maka."

Mutumin ya kalle ta ta saman tabarau. "Kika canza?"

"Ni nake yin sa."

Ya ajiye kofin a kan takardun wani. Ya juya ya buɗe allonsa, ya duba sunan da ke saman aikin, sunan da take sa wa duk abin da ta ƙera, wanda ba wani ba ne illa sunan da ake kiran ta da shi a gida. Ya sake juyowa.

"Ke ce Auta?"

"Ni ce."

"Ke kaɗai?"

"Sai yayana da nake aron safar hannunsa."

Injiniyan bai yi dariya ba. Ya ce shekara bakwai yana gini da kayanta, kuma ya ɗauka wata ƙungiya ce ta mutum talatin a wata ƙasa mai nisa. Ya ce rabin abin da ke kan allunan ɗakin nan nata ne. Ya faɗa da ƙarfin da sauran suka ji, sai kujeru suka fara juyowa, wani ya miƙe tsaye, na kusa da shi ma ya miƙe. Mai furfurar ya jawo kujerarsa da kansa ya ce, "Bismillah, Malama, zauna ki nuna mana."

Mai Walda ya tsaya a jikin bango yana kallo. Wannan ce yarinyar da ya goya zuwa makaranta, wadda har yau take tsoron kyankyaso. Ga ta zaune, manya sun kewaye ta, tana nuna wuri da yatsa suna gyaɗa kai, wani yana rubutawa. Kunya ta kama shi, da alfahari, da wani abu mai kama da tsoro, na cewa mutum zai iya wuni shekara goma sha ɗaya kusa da abu irin wannan bai sani ba.

Nasu gyaran kwana biyu ya ɗauka. Amincewar asibiti ta ɗauki biyar, kuma Talata ta uku ta faɗa a cikinsu. Ranar da suka koma teburin rajista, kwana goma sha tara ke nan da zuwansu na farko. Mai rajista ta taɓa sabon layin, ta karanta wa Baba a fili: shekara kaza, wata ba a sani ba, rana ba a sani ba.

"Auta," ya ce, "wannan shi ne na gaskiyar?"

"Shi ne, Baba."

Ya miƙa yatsa, ta kai masa shi wurin, ya danna.

An yi tiyatar a Talatar da ta biyo baya. Bayan mako guda aka koma awo, likita ta daɗe tana duba takardar, sannan ta gaya musu yadda abin yake. Abin da ya rage an tsare shi. Amma a makonnin nan gefen ya ƙara cinyewa sosai. Yanzu Baba zai ga abin da ke gabansa daidai, faɗin fuskar mutum ɗaya, ba zai ga na kusa da shi ba. Fita titi shi kaɗai kuwa an gama.

Suka fito suka zauna a bencin da ke kallon teburin rajista. Auta ta kasa ɗaga kai. Ta ce da ta yi kwana uku maimakon shida, da ta je kamfanin tun ranar farko, da ta yi tambayar nan shekara takwas da suka wuce. Mai Walda ma lissafin da yake yi ke nan, kuma Baba ma yana cikin waɗanda yake tuhuma.

"Nuna mini abin," in ji Baba.

Ta buɗe shi a wayarta. Ya riƙe hannunta yana matsar da wayar a hankali, dama, hagu, sama kaɗan, har ta shigo ɗan wurin da ya rage masa. Ya karanta da kansa, kalma-kalma, leɓensa na motsi. Ya daɗe yana kallo.

"An sami wani ya danna shi bayan ni?"

Auta ba ta sani ba. Mai Walda ya tashi ya je ya tambayi mai rajista. Ta duba, ta sake dubawa, ta gaya masa. Ya dawo a hankali ya zauna.

"Sittin da uku, Baba. A nan kaɗai, cikin kwana goma sha biyu. Ta ce har da waɗanda aka riga aka yi wa rajista, da suka ji labari a layi suka ce a cire musu ɗaya ga watan ɗaya."

Baba ya saki hannun Auta. Ya juya kansa gaba ɗaya zuwa layin da ke gaban teburin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, don haka kaɗai zai iya ganinsu yanzu: wata tsohuwa da sanda, wani dattijo da auduga a ido, wata da jikarta ke riƙe da jakarta. Sai da ya kai ƙarshen layin.

"Ashe muna da yawa," ya ce.